Motar Da Ta Danne Gavrilo

Da azahar aka bugo waya caji ofis, aka ce mota ta faɗo wa wani makanike a garejinsa. Saja Veselin ne ya ɗauka. Da ya ji sunan sai ya ajiye wayar a hankali, ya je ya tsaya a ƙofar ofishin Sufeto Milutin bai shiga ba.

"Yallaɓai, Gavrilo ne. Sun ce ya riga ya cika."

Milutin ya miƙe. Ya ɗauki rigarsa ya fita.

Su uku suka tashi a unguwa ɗaya, shi da Gavrilo da Boro. Lokacin samartakarsu babu tseren motoci na hawan dutse da ake yi ba su. Gavrilo ke haɗa mota, Boro ke tuƙi, shi kuwa Milutin aikinsa riƙe fitila da shan zagi. Daga baya ya shiga aikin ɗan sanda, Boro ya buɗe shagon taya a bakin kasuwa. Boro ne kum ɗin Gavrilo: shi ya tsaya masa ranar aure, shi ya riƙe 'yarsa Isidora a coci ranar da aka raɗa mata suna. A garin nan kum ya fi ɗan'uwa na jini nauyi.

Da suka isa, 'yan kwana-kwana sun riga sun ɗaga motar, an lulluɓe gawar da bargo. Milutin ya gane motar tun daga ƙofa. Jar mota ce ƙirar Yugo, wadda Isidora ta faɗa rami da ita a tsere shekarun baya, ta fito da rai amma ƙafafunta ba su sake motsi ba. Tun ranar aka kulle motar a rumfar bayan gida.

Boro na tsaye a gefe, ya riƙe hularsa. Ya rungume Milutin.

"Miki, da safen nan muka sha kofi tare. Ƙarfe goma na bar shi lafiya lau."

"Me yake yi da motar nan?"

"Gyara ta yake yi wa yarinyar, da birki da totur duk na hannu. Na ce masa ya bari, amma ka san kan Gavrilo."

Milutin ya durƙusa. An cire tayoyin, an ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, na bayan hagu ya kife. A ƙasa akwai zanen alli inda kowace ƙafa za ta tsaya. A cikin motar ta ƙasa an liƙa dogayen ƙarafa biyu, dama da hagu, irin waɗanda ake haɗa ƙashin gaba da na baya da su don kada jikin mota ya riƙa murɗewa a kwana.

Ya miƙe ya zagaya garejin. A bayan teburin aiki, can jikin bango, ya ga hular walda, gilashinta ya tsage.

"Wa ya jefa wannan nan?"

'Yan kwana-kwana suka ce ba su taɓa ta ba.

Wadda ta fara ganin abin tsohuwar maƙwabciya ce, Stana. Tana zaune a kan tsohuwar taya, an ba ta ruwa da sukari.

"Iya, yaushe kika gan shi da rai?"

"Sha ɗaya, ɗana. Ƙararrawar coci na bugawa na shigo da ƙwai. Yana ƙarƙashin mota yana ta feshin wuta."

"Kun yi magana?"

"Ni dai na yi. Na ba shi labarin surukata da kajina da ƙafata. Ya ɗago hannu kawai ya kaɗa mini. Na ce wannan mutum yau an ɗinke masa baki ne? Na ajiye ƙwai na tafi. Da na dawo karɓar kwanona sai na tarar..." Ta rufe fuska da gyale.

"Kin ga fuskarsa?"

"A ƙarƙashin mota? Ƙafafu na gani da shuɗin wando. Duk mazan garin nan shuɗin wando suke sawa."

"Kafin nan kin ji wani abu?"

"Ba na son shiga maganar gidan mutane. Amma da safe Desanka ta yi ta ɗaga murya a nan. Har kajina suka ji."

Desanka ita ce matar Gavrilo.

Da la'asar likita ya kira shi asibiti. Ya ɗage mayafin ya nuna masa ƙeyar mamacin.

"Motar ta karya masa ƙirji, amma jinin da ya fita a nan kaɗan ne. Zuciyarsa ta riga ta tsaya kafin ta faɗo. Wannan ne ya kashe shi." Ya sa yatsa a gefen raunin. "Abu mai nauyi, mai baki zagaye."

"Yaushe?"

"Tsakanin goma da sha biyu. Kada ka matsa mini, ba ni da agogo a cikin gawa."

"Idanunsa fa? Akwai alamar ya yi walda babu hula?"

"Idanunsa lafiya. Fuskarsa ma babu ƙuna ko ɗaya."

Milutin ya daɗe yana kallon fuskar abokinsa. Sai da likita ya yi gyaran murya sannan ya ja mayafin da kansa ya rufe.

Da yamma gidan Gavrilo ya cika. An kunna kyandir, mata na kai kofi, maza na ɗiga giyar gida a ƙasa kafin su kurɓa, don mamaci. Boro na zaune kusa da ƙofa, hawaye na zuba a fuskarsa ba tsayawa, idanunsa sun yi jawur. Yana gogewa suna dawowa.

"Ku dubi kum," in ji wata mata. "Ko uwarsa ba ta yi masa wannan kukan ba."

Milutin ya dafa kafaɗar Boro ya wuce kicin, inda Desanka ke yanka burodin da babu mai ci.

"Desanka, ina kike da safe?"

"Kasuwa. Tun takwas."

"Stana ta ji muryarki a gareji."

Wuƙar ta tsaya. "Stana tana jin abin da ba a faɗa ba ma."

"Ba a matsayin aboki nake tambaya ba. Likita ya ce ba motar ce ta kashe shi ba."

Ta juyo ta dube shi. Ta ja kujera ta zauna.

"Na je," in ji ta. "Na ce masa idan ya sake sa 'yata a cikin akwatin gawar nan, zan zuba mata fetur in cinna wuta. Na ce bai ishe shi ba, ya karya ta sau ɗaya? Abin da na faɗa masa ke nan, Milutin. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Shi ya sa na ce kasuwa."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Desa, bari kum ya zo, akwai maganar da zan yi da shi. Bayan nan ki ƙona abin da kike so.' Sai na tafi kasuwar da gaske. Tambayi mai cuku, mun yi faɗa a kan ciko."

Saja Veselin ya tambaya. Mai cuku ta tuna faɗan sarai, har ta so ta ci gaba da shi.

Washegari da safe Milutin ya buɗe garejin, shi da Veselin. Ya sa suka mayar da kowace ƙafar ƙarfe kan zanen allinta. Ya zaro wani siririn tiyo mai tsawo daga ƙusa, ya cika shi da ruwa, ya miƙa wa Veselin baki ɗaya.

"Riƙe shi a nan, jikin ƙarfen. Gaya mini inda ruwan ya tsaya."

"Yallaɓai, aikin magina za mu yi?"

"Na riƙe wa Gavrilo tiyon nan tun ba ka san hanyar makaranta ba. Ba ya taɓa kunna injin walda sai kusurwa huɗu sun zo daidai. Yakan yi rabin yini yana cusa farantin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Sannan ya buɗe ƙofofi ya rufe da ɗan yatsa. In ƙofa ta yi gardama, sai a sake daga farko."

"Don me?"

"Don yadda ka tarar da mota lokacin da ka liƙa mata ƙarafan nan, haka za ta zauna har ta mutu. In a murɗe take, ka ɗaure ta a murɗe."

Suka auna. Kusurwa uku suka zauna daram. Ta bayan hagu ta ƙi sauka, ta tsaya a sama, har Veselin ya zura tafin hannunsa tsakaninta da ƙafar ƙarfen. Ƙofar dama ta rufu da ɗan yatsa. Ta hagu ta doki bakinta ta dawo.

"Ai faɗuwar ce ta murɗe ta," in ji Veselin.

"Shiga ka duba."

Veselin ya kwanta ya shiga da tocila. "Ƙarfen a miƙe yake. Bai lanƙwashe ba, waldar ma ba ta tsage ba."

"To ba faɗuwa ba ce. An liƙa shi ne kusurwar nan tana sama a kan jak, ba a gama aunawa ba. Dubi ɗinkin dama, ka dubi na hagu."

"Na dama kamar an jera kwabbai. Na hagu kuwa, yallaɓai, kamar kashin kaza."

Milutin ya zauna a kan tayar da Stana ta zauna jiya. Wanda tsohuwar ta gani ƙarfe sha ɗaya ba Gavrilo ba ne. Wani ne ya kwanta a wurinsa, ya yi ta walda babu hula don kada ta matso, hular kuwa tana bayan tebur tare da mai ita.

Ɗakin Isidora na ƙasa, an faɗaɗa ƙofarsa saboda kekenta na guragu. Mace ce mai shekara talatin da wani abu, kafaɗunta masu ƙarfi, gashinta a datse. Tana kallon taga.

"Baffa Milutin."

"Isidora, babanki ya faɗa miki wani abu game da motar a kwanakin nan?"

"A'a."

"Ya ce wa mamarki yana da magana da kum. Maganar me?"

"Ban sani ba. Taya, wataƙila."

"Kafin ya sa sababbin ƙarafa dole ya yanke tsofaffin. Na ga na dama a cikin tarkace. Na hagu fa?"

Hannunta ya damƙe ƙarfen keken.

"'Yata, kashe shi aka yi."

Ta rufe ido. Sannan ta tura keken zuwa bakin gado, ta ɗaga katifa, ta zaro guntun ƙarfe mai tsawon kamu biyu. An kankare jan fentin da ke tsakiyarsa. A wurin akwai tsohuwar walda, dunƙule-dunƙule, ta yi tsatsa, ta tsage gida biyu.

"Shekaranjiya ya kawo mini," in ji ta. "Ya ajiye a cinyata ya ce, 'Isi, dubi nan. Wannan hannuna ne?' Na ce a'a. Ya ce ƙarfen ya taɓa karyewa, wani ya liƙe shi a karkace ya shafe da fenti. Shi ya sa motar ta riƙa ja na hagu ranar tseren. Na faɗa musu tun a asibiti cewa motar ta ja, kowa ya ce ruɗewa ce."

"Shi fa?"

"Shi ya yarda. Ya ɗauka aikinsa ne ya gaza. Shekara bakwai ba ya iya kallon ƙafafuna. In zai yi mini magana sai ya kalli bango."

"Wa ke da makullin gareji a lokacin?"

"Baba. Da kum."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Mutumin nan shi ke goya ni a bayansa ya hau da ni matakalar coci duk shekara. Shi ya sayo mini keken nan. Jiya ya zauna a nan yana kuka, ya sumbaci goshina. Na ce a raina ba zai yiwu ba, haɗari ne kawai. Kuma ni na ce wa Baba ya tambaye shi. Ni na ce."

Milutin ya karɓi ƙarfen. Ya fita ya tsaya a tsakar gida har numfashinsa ya daidaita.

Shagon taya na rufe. Matar Boro ta buɗe wa Milutin da Veselin ƙofar gida, ta ce yana ciki a kwance, baƙin ciki ya hana shi buɗe ido.

Ɗakin da duhu, an sauke labule. Boro na kwance a doguwar kujera, an ɗora masa yankakken ɗanyen dankali a kan kowane ido.

"Miki ne? Zauna. Ka ga yadda na koma."

Milutin bai zauna ba. "Wa ya koya maka maganin dankali?"

"Tsohon magani ne."

"Na masu walda ne. Gavrilo ya taɓa sa mini shi, ranar da na tsaya kallon wutarsa babu gilashi. Da rana lafiya lau, da yamma sai hawaye kamar an watsa maka yashi. Jiya da azahar idonka a bushe yake, Boro. Na rungume ka, na gani."

"Kuka ne. Kum ɗina ya mutu."

"Ina ka je bayan ƙarfe goma?"

"Shago."

"Veselin ya tambayi mai burodin da ke kusa da kai. Sai kusan sha biyu ka ɗaga ƙofa."

"Na biya ta wani wuri. Miki, mene ne haka? Ni kake yi wa tambayoyin ofis?"

Milutin ya je ya yaye labulen. Boro ya yi ƙara ya kare fuska da hannu, dankalin ya faɗi. Fuskarsa ta yi ja kamar wanda ya yini a rana, fatar goshinsa ta fara saɓulewa. Milutin ya ɗora masa guntun ƙarfen a ƙirji.

"Ba sai ka buɗe ido ba. Shafa."

Yatsun Boro suka bi ƙarfen har suka kai kan tsohuwar waldar. A nan suka tsaya.

"Akwai irinta sabuwa a ƙarƙashin motar," in ji Milutin. "Hannu ɗaya ne. Ka iya tuƙi, amma ba ka taɓa iya walda ba."

Matar Boro na tsaye a ƙofa, hannunta a baki.

"Ana gobe tseren ne," in ji Boro a hankali. "Na ce bari in ɗan ɗana ta, in ji yadda take. Na yi kewar sitiyari, Miki. Ku duka kun manta ni ne direban. Na shiga kwanar gada da gudu, na doki kwalbati. Na kawo ta bayan gidan nan, na ɗaga da jak ɗaya, na liƙe, na shafa fenti. Na ce gobe da safe zan faɗa masa."

"Ba ka faɗa ba."

"Da safe yarinyar na ta murna, shi yana ta alfahari. Na ce zai riƙe. Tsere ɗaya ne."

"Bayan ta faɗi fa? Shekara bakwai kana cin abinci a teburinsa."

"Ta yaya zan faɗa? Kullum sai ya fi jiya wuya. Na yi mata duk abin da zan iya."

"Ka bar shi yana ganin shi ya karya 'yarsa."

Boro bai musa ba.

"Jiya fa?"

"Ya nuna mini wurin da ya yanke. Bai ma ɗaga murya ba. Ya ce, 'Kum, yau za ka shiga ɗakinta ka faɗa mata da bakinka, a gaban Desa. In ba haka ba, ranar Lahadi zan faɗa a ƙofar coci.' Na roƙe shi. Na durƙusa. Ya juya mini baya ya ɗauki hularsa, kamar ba na wurin. Sandar jak na kusa da hannuna. Na ɗauka na buga masa a ƙeya. Na ja shi bayan tebur. Sai ga muryar Stana a ƙofa. Na faɗa ƙarƙashin motar, ƙarfen na nan a maƙale, na kama walda. Tsohuwar nan ta ƙi tafiya. Kaji, suruka, kaji. Ina rufe ido ina buɗewa."

"Sannan ka jawo shi ka sakar masa mota."

"Ya riga ya mutu, Miki. Bai ji ba."

"Sandar tana ina?"

"Cikin rijiyar bayan shago."

Milutin ya juya ga Veselin. "Ka rubuta?"

"Na rubuta, yallaɓai."

"Borivoje, na kama ka da laifin kashe Gavrilo. Tashi."

Tun suna yara bai taɓa kiransa da cikakken sunansa ba. Boro ya ji, kafaɗunsa suka sauka. Ya miƙe yana lalube, Veselin ya sa masa ankwa. Matarsa ta jingina da bango, ta zame har ƙasa, ba ta yi kuka ba.

"Gobe ne jana'iza," in ji Boro. "Ka bar ni in tsaya ko daga nesa. Wa zai riƙe masa kyandir? Ni ne kum."

"Za a samu mai riƙewa."

Suka fito. Rana ta doki fuskar Boro, ya runtse ido, hawaye na gangarowa. Maƙwabta sun fara leƙowa ta saman shinge. A bakin matakala ya tsaya, ya miƙo hannayensa biyu a ɗaure, yana neman inda abokinsa yake.

"Miki, ba na gani. Riƙe ni."

Milutin ya dubi hannayen. Ya sa nasa a aljihu.

"Saja," ya ce, "kama shi, kada ya faɗi."

Ya wuce gaba ya buɗe ƙofar motar.